Haƙuri Dabam, Yafe Hakki Dabam

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wani saurayi mai ɗan shagon kwamfuta a Argungu ya ga gaskiyar wannan magana ran da na'urar intanet ɗinsa ta mutu, mako biyar kacal da sayenta. Da ita yake cika wa ɗalibai takardun neman shiga makarantu, da ita kuma yake ci da iyayensa. Ga shi ya riga ya karɓi kuɗin aikin mutane da dama, ga ranar rufe rajista ta matso.

Ya yi asubanci ya shiga mota zuwa Birnin Kebbi, inda ofishin kamfanin yake. Ma'aikacin ya jujjuya na'urar, ya ce, "Malam, sai haƙuri. Abin da aka saya ba a mayarwa, sai dai ka sayi sabuwa." Saurayi ya yi godiya, ya komo gida jiki a sanyaye, yana cewa ƙaddara ce.

Mahaifinsa, wani dattijo Bakabe wanda ya tsufa yana su a gulbi, ya saurare shi, sa'an nan ya ce, "Kai yaro, a zamaninmu in mutum ya sayi jirgi, ya sa shi a ruwa ya tarar yana yoyo, mayar wa masassaƙi yake yi a gaban shaidu. Yaushe aka daina?"

Haƙiƙa ba a daina ba. Kasuwar Bahaushe ta daɗe da sanin cewa aibin da bai bayyana ba lokacin ciniki yakan warware ciniki, littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala kuma sun tabbatar wa mai saye wannan zaɓi. Dokar zamani ma ba ta saɓa ba. Dokar kare hakkin masu saye, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye wata 3 ya mayar da kaya masu aibi, a gyara masa, ko a musanya, ko a ba shi kuɗinsa. Faɗar mai sayarwa cewa ba a mayarwa ba ta shafe wannan hakki. Bugu da ƙari, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, wadda aka kafa a 1992, tana da lambar waya 622 ta kyauta domin wanda ya kai kuka ga kamfaninsa ba a share masa hawaye ba. Amma fa da iyaka: wanda ya jefar da na'ura ta fashe, ko ya bari ruwa ya shige ta, ba shi da abin cewa, domin ɓarnar hannunsa ce.

Wani malamin makaranta ne ya fahimtar da saurayin wannan duka. Ya tono rasit daga ƙarƙashin tarin takardu, ya koma Birnin Kebbi. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye rasit a kan tebur, ya nemi a rubuta kokensa a ba shi lambar shaida, ya ce in abin ya gagara zai kai maganar ga hukuma. Ma'aikacin ya shiga ciki ya ɗan jima, ya fito da wata na'ura sabuwa. Sai dai kwanakin da suka salwanta ba su dawo ba. Ɗalibai biyu sun rasa rajista, ya mayar musu da kuɗinsu, kunyar kuwa ta daɗe tana cinsa.

To, ya 'yan'uwa ɗalibai, abin lura shi ne yadda kalmar "haƙuri" ta zama makami a bakin mai cin hakki. Haƙuri na abin da ba shi da magani ne, kamar fari ko ambaliyar gulbi. Na'urar da ta mutu cikin wa'adinta tana da magani, maganin kuwa yana cikin ɗan guntun rasit, wanda a yau ya maye gurbin shaidun bakin gulbi. Saboda haka kowa ya adana nasa.