Garau-garau a Houston: Gishirin da ba a gani

 A wannan mako ba daga bayan kantar magani zan yi maka magana ba, daga wani gidan abinci ne a birnin Houston na jihar Texas a Amurka, inda na raka mahaifinmu ziyarar yayata. Baba ya daɗe yana shan maganin hawan jini, don haka duk inda muka zauna cin abinci idona na kan farantinsa.

Ranar da muka gaji da girkin gida, yayata ta kai mu Chipotle. Gidan abinci ne mai sayar da girki irin na ƙasar Meziko, an fara buɗe shi a 1993 a birnin Denver, yanzu rassansa sun kai dubbai. Babu mai zuwa teburinka ya tambaye ka abin da kake so. Layi za ka bi, abincin na jere a bayan gilashi, kana nunawa ana zuba maka, kamar wajen mai abinci a bakin tasha, sai dai da sanyin na'ura.

Baba na leƙawa ya yi dariya ya ce, "Ashe garau-garau kuka kawo ni ci a Amurka." Da gaskiyarsa. Ga shinkafa da aka yi wa lemon tsami, ga wake baƙi da ja, ga tumatir da albasa da barkono, ga masara. Har awara akwai, an marmasa ta cikin yaji, suna kiranta sofritas. Ita muka zaɓa, domin a jeren naman akwai wanda ake kira carnitas, kuma naman alade ne. Ka riƙe wannan sunan ko da za ka manta da sauran. Na roƙi mai zubawa ta sauya safar hannu, ta sauya ba tare da ɓata rai ba.

To, wannan kamanni da abincin gida shi ne abin da ke sa mutum sakin jiki. Ɗaya daga cikin abin da suke sayarwa shi ne burrito, wato a naɗe duk waɗannan cikin wata siririyar gurasar fulawa mai faɗi, kamar shawarma amma ya ninka ta girma. Gurasar nan kaɗai, kafin a ɗora mata komai, tana da kalori 320 da sodiyam kusan miligiram 600. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai miligiram 2,000 a yini, wato gishiri ƙasa da giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi. Ka ga an ci kusan kashi ɗaya cikin uku tun ba a zuba shinkafa ba. Shinkafar da gishirinta, waken da nasa, miyar barkonon da nata, cuku kuma ba a magana. Idan aka cika naɗin, yana iya kai ka kusa da gishirin yini guda a zama ɗaya, kuma harshenka ba zai faɗa maka ba, saboda tsami da yaji sun rufe shi.

Abu ɗaya ya burge ni: tun 2018 doka a Amurka ta wajabta wa gidajen abinci masu rassa 20 ko fiye su rubuta kalori a allon farashi. Amma kalori ne a allon, ba gishiri ba. Na sodiyam sai ka nema a shafinsu na intanet, ni ma a waya na duba muna cikin layi.

Sai na sa aka zuba wa Baba a kwano, ba gurasa, shinkafa rabi, ganye da yawa, ba cuku. Mai ciwon suga ma haka ya dace ya yi, don shinkafa cikin gurasa sitaci ne kan sitaci, ga lemon kwalba da ake ƙarawa kyauta. Akwai kuma dakakkiyar fiya da suke kira guacamole. Tana da daɗi, amma ita da wake suna da sinadarin fotasiyam da yawa. Mai ciwon ƙoda, ko mai shan spironolactone ko lisinopril, ya tambayi likitansa yawan da zai iya ci tun kafin ya hau jirgi.

Baba bai ji daɗi ba da ya ga jikokinsa na riƙe da naɗi kamar ƙaramin filo, shi kuma an ba shi kwano. Ya ce tun da na yi karatun magani na hana shi sakat. Duk da haka ya cinye tas, ya tambayi yayata ko gobe ma suna buɗewa.