Mai Tafiya a Kan Auduga

A Daudawa, garin da ya yi suna wajen noman auduga a ƙasar Faskari, akwai wani malamin firamare wanda ya shekara ashirin yana tsayuwa gaban allo. Wata damina sai ya fara jin tafin ƙafarsa ya yi dindiris, yatsunsa kuma suna minjirya. Takalmi kan suɓule masa a hanya ba tare da ya sani ba. Idan zai tafi sallar asuba cikin duhu sai ya riƙa tangaɗi, har ya koma dafa bango. Mutanen gida suka ce sanyi ne, wasu suka ce sammu ya tsallaka. Wata biyar ya yi yana shan jiƙe-jiƙe kafin ya je asibiti a Funtuwa, daga can aka tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Da likita ya tambaye shi yadda yake ji, bai tsaya ga cewa "ƙafa ke ciwo" ba. Cewa ya yi, "Likita, ji nake kamar a kan auduga nake tafiya." Wannan bayani shi ya nuna wa likita inda zai duba. Ya sa shi ya haɗa ƙafafu ya rufe ido, nan take ya yi luuu zai faɗi. Ya ɗora masa wani ƙarfe mai karkarwa a idon sawu, bai ji komai ba.

Dalili kuwa shi ne, a bayan lakar da ke cikin ƙashin baya akwai jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take. Idan suka lalace, ido kaɗai ke yi wa mutum jagora, shi ya sa duhu ke kayar da shi. Aka gwada jininsa don neman ciwon suga da tunjere, aka kuma ɗauki hoton bayansa saboda tarin fuka kan ci ƙashin baya. Daga ƙarshe aka gano ƙarancin bitamin B12 ne, wanda ake samu a nama da hanta da kifi da ƙwai da nono. Cikinsa ne ya daina tsotse shi, don haka aka ɗora shi a kan allura har iyakar rayuwarsa.

Bayan 'yan watanni tangaɗin ya ragu, ya koma aji. Sai dai yatsunsa ba su warware duka ba, domin jijiyar da ta daɗe a lalace ba ta cika komawa daidai ba.

Tun daga lokacin, idan ɗalibi ya ce masa "ciwo", sai ya tambaye shi: zogi ne, ko raɗaɗi, ko suka, ko dindiris? Yakan ce wa yaran likita ba ya shiga jikin mutum ya ji abin da yake ji, da kalmomin majinyaci yake fara aiki. Koyar da waɗannan kalmomi kuwa yana wuyan malamin Hausa.