Tsakin Motar Baba

Tun da aka ce wannan makon nawa ne nake ta juya abin da zan kawo muku, daga ƙarshe na tsaya a kan motar mahaifina, domin ita ce ta cinye mini kwana uku a hunturun da ya wuce, ta kuma kusa zubar mini da mutunci a cikin gidanmu.

Motar tsohuwar Hilux ce mai inji 5L, silinda huɗu, lita 3, babu tobo. Dizal take sha, wanda mu a nan muke ce wa gas. Ta girmi ƙanena da yake yi wa Baba yaron mota. Da ita Baba yake jigilar kwandunan tumatir daga gonakin Kadawa zuwa Kwanar Gafan, wani lokacin har Yankaba. Da ita aka biya mini kuɗin makaranta har na karɓi difloma a fannin injina, kuma tun ranar da na shigo gida da takardar nan Baba ya daina kiran sunana, sai dai Injiniya. Ban taɓa iya gane ko yabo ne ko zolaya ba.

Kusan shekara guda motar tana wani abu. Idan aka tayar da ita da asuba sai ka ji tsit-tsit-tsit a gefen inji, yana bin bugun injin, ka taka totur ya ƙara sauri. Bayan minti biyar ko goma sai ya ragu har ya ɓace cikin rugugin gas. Baba ya ce tsaki take yi, tsohuwa ce, ba ta son a tashe ta cikin sanyi. Muka yi dariya, aka bar maganar. Ni ma da na yi karatun na bar ta, kuma wannan ne abin da har yanzu nake jin nauyinsa.

Da hunturu ya kankama sai Baba ya fara dawowa da ciwon kai kusan kullum. Umma ta ce hawan jini ne, aka je aka auna, aka ce lafiya lau. Sai aka ɗora wa rashin barci. Ranar da ƙanena ya yi amai a hanyar Zariya ba tare da ya ci wani abu ba, sai na ce gobe da ni za a fita. Ba mu wuce Kura ba idona ya fara yaji, maƙogarona yana kaikayi. Gilasai duka a rufe saboda sanyi. Na ce, "Baba, ba ka jin warin hayaƙi?" Ya ce, "Motar gas ce, Injiniya, ba shagon turare ba." Hancinsa ya riga ya saba.

Da muka dawo na jira inji ya huce, na buɗe bonet, na cire farantin da ke tare zafi, na haska da tocilan waya. Ga shi nan ƙuru-ƙuru: baƙin kunkunniya ya yi zane kamar jelar tauraro daga bakin silinda ta huɗu, wadda take can ƙarshe, dab da bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Noti ɗaya babu shi, kuma ba kwancewa ya yi ba, ƙarfen da yake hawa ne ya karye.

Bari in ɗan tsaya a nan saboda waɗanda ba su taɓa leƙa cikin bonet ba. Kowace silinda idan ta ƙona mai sai ta turo hayaƙi ta wata kafa a jikin kan inji, wanda 'yan gareji ke kira tof silinda. Manifol shi ne ƙarfen zubi mai baki huɗu da yake tattara hayaƙin nan ya haɗe shi a bututu ɗaya, ya miƙa wa salansa ta fitar da shi ta bayan mota, nesa da hancin mutane. Tsakaninsa da kan inji akwai gaskit, sannan ana ɗaure shi da noti a kan sitod, wato ƙarfe mai zare gaba da baya, rabinsa a cikin kan inji, rabinsa a waje. A motarmu guda takwas ne. Idan mota ta ɗauki lodi tana hawa tudu, zafin hayaƙin nan yakan haura digiri 500. Manifol ya buɗe da zafi, ya tsuke da sanyi, kullum, shekara da shekaru. A hankali sai ya ɗan lanƙwashe, ya riƙa jan sitod na gefe har ɗaya ya gaji ya karye, shi ya sa galibi na ƙarshe ne ke fara tafiya. Tsakin da muke ji hayaƙi ne ke tsartuwa ta wannan 'yar kafa. Idan ƙarfe ya yi zafi ya kumbura sai kafar ta matse, ƙarar ta ragu, mai mota ya ɗauka ta warke. Ba ta warke ba.

Sauran na gani da idona: robobin da ke toshe ramukan da wayoyi ke bi ta bangon nan sun bushe sun zube. Hayaƙi na fita taku ɗaya daga ramukan, gilas a rufe, mutum biyu a ciki tun asuba.

Da daddare na yi wa Baba bayani. Ya ce a bari kakar tumatir ta wuce. Ban ga laifinsa ba, a waɗannan watannin ne ake samun abin da za a ci har damina. Na ce masa a cikin hayaƙin akwai iskar da ba ta da wari ko kala, wadda jini ke kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200, kuma ko da yake injin gas bai kai na fetur fitar da ita ba, a rufaffen wuri ba a raina ta. Na ƙara da cewa tun 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal a jerin abubuwan da ke haddasa cutar. Bai ce komai ba. Umma ce ta ce, "Malam, yaron nan da kake ɗauka fa?" Sai ya yi shiru can, ya ce, "Wuni nawa?" Na ce wuni ɗaya. Allah ya yafe mini wannan alƙawarin.

Da safe na je Ƙofar Ruwa na sayo gaskit da sitod guda ɗaya. Na dawo na kwance bututun salansa, na fara kwance notuna. Na san ƙa'idar, an koya mana: a kankare tsatsa, a jiƙa da man da ke cin tsatsa, ko man burki idan babu, a bar shi ya kwana, a sake jiƙawa. Amma na riga na ce wuni ɗaya, ga Baba zaune a kan benci yana kallona, ga maƙwabta sun fara taruwa su ga ɗan boko na aiki. Shida suka fito da kuka da gurnani. Na bakwai ya ƙi. Sai na zura bututu a jikin sifana don in ƙara ƙarfi, na danna. Ya yi laushi a hannuna, na ji daɗi na ɗauka ya saki. Wanda ya taɓa karya sitod ya san wannan laushin. Noti ya faɗo ƙasa da guntun ƙarfe a cikinsa.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Tashi kawai ya yi ya shiga gida, na ji yana waya yana ba wani manomi haƙuri.

Akwai wani tsohon bakanike, abokin Baba tun suna samari, muna ce masa Kawu duk da ba mu haɗa jini ba. Da yamma aka ja motar zuwa garejinsa. Ya leƙa, ya shafa wurin da yatsa, ya dube ni. "Injiniya, kai ka karya ko ita ta karya?" Na ce, "Ɗaya ita, ɗaya ni, Kawu." Ya ce, "To ka yi gaskiya, zauna."

Na ba da shawarar a huda guntun a sa ƙarfen nan mai zaren hagu da ake murɗo karyayyen noti da shi. Ya girgiza kai. Ya ce abin nan ya fi sitod tauri, idan ya karye a ciki babu abin hudar da zai ci shi, daga nan sai sauke kan inji gaba ɗaya. Ga kuma wurin a matse, hannu zai iya kaucewa a huda gefe a lalata zaren. Walda za a yi.

Washegari, da aka samu man janareto, ya sa aka cire kan batir, aka rufe wayoyi da bututun mai da jiƙaƙƙen buhu. Wanda na karya ya bar ɗan tsini a waje, kaurin manifol, don haka bai ba da wahala ba: ya ɗora noti a kai, ya cika cikinsa da walda, ya koma ya zauna. Na ɗauko sifana, ya ce in ajiye. Zafin walda ne ke aikin, in ji shi, ba ƙarfin damtse ba. Sitod ya kumbura ya murƙushe tsatsar da ta riƙe shi, idan ya huce ya tsuke sai ya saki. Bayan ya sha shayi ya ɗora sifana, ya matsa gaba kaɗan, baya kaɗan, gaba, baya, yana ɗiga mai, kamar mai lallashin yaro. Ya fito.

Na ƙarshen nan, wanda ya daɗe da karyewa, shi ne ya nuna mana iyakarmu. Ya karye ne ɗan ciki da fuskar ƙarfen. Kawu ya fara ɗiga walda a kan guntun, ɗigo bisa ɗigo, har ya taso, ya ɗora wosha ya liƙa, sannan noti a kan woshar. Sau biyu noti yana ɓallewa ya bar sitod a inda yake. Ni dai ina tsaye ina lissafin kuɗin sauke inji, da kwandunan da ke nuna a gona ba mai ɗauka. Tumatir ba ya jiran kowa. A karo na uku, dab da la'asar, na ji wani ɗan ƙara ƙit, Kawu ya ce, "Alhamdulillahi," tun kafin ya juya.

A nan ne muka saɓa da shi. Ya ce a sa gaskit biyu a ɗaure, Baba ya fita gobe. Na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri, a bari in auna manifol ɗin." Na goge fuskarsa da samfefa, na ɗora rular ƙarfe a tsaye a kan bakunan huɗu, na haska tocila ta baya. A tsakiya babu haske. A bakin silinda ta huɗu haske ya ratso har ana iya zura katin waya. Na ce idan aka ɗaure shi a haka, sabon sitod ne zai ɗauki nauyin miƙar da shi, kuma zai karye kamar na farko. Gaskit biyu kuwa zai lotsa ne da zafi, ɗaurin ya saki. Kawu ya karɓi rular ya gwada da kansa, ya juya ta, ya sake gwadawa. Sai ya ce wa yaronsa, "Gobe da sassafe ka kai shi wajen masu fere ƙarfe." Bai kalle ni ba, amma da zai wuce ya ɗan daki kafaɗata. Na ƙwanƙwasa manifol ɗin na duba ko ya tsage, bai tsage ba, kuma mun yi sa'a, domin walda a ƙarfen zubi wani dogon labari ne: sai an gasa shi tukuna, a yi da sandar walda ta musamman, a binne shi a yashi ya huce a hankali, kuma duk da haka ba tabbas.

Wannan ne ya ƙara mana kwana na uku. Ni na je na faɗa wa Baba da bakina.

Haɗawar ba ta da wani labari. Sitod takwas duka muka canza, tunda shekarunsu ɗaya da waɗanda suka karye. Muka wanke zaren ramukan, muka sa gaskit ɗaya tak, ba gam ba komai. Ɗauri daga tsakiya zuwa gefe, a zagaye uku, kowane zagaye a ƙara kaɗan, don ƙarfen ya kwanta daidai. Kawu da hannunsa yake aunawa, ni na aro sifana mai auna ɗauri a wajen wani abokina na bi bayansa, kuma sai in faɗi gaskiya, bambancin bai taka kara ya karya ba. Na yanka tsohuwar tub na toshe ramukan bangon nan. Kafin a tayar na shafa ruwan omo a gefen gaskit, aka kunna, na zuba ido ko zan ga kumfa ta taso kafin zafi ya busar da shi. Ba ta taso ba. Bayan mako guda na sake bin notunan da inji a sanyaye, biyu suka ɗan karɓi ɗauri.

Cikin manoman da Baba yake yi wa jigila, ɗaya ya kama wani direba a waɗannan kwanakin, kuma har kaka ta ƙare bai dawo ba. Baba bai taɓa ambata mini ba, a bakin ƙanena na ji. Ciwon kan ya ragu sosai, ko da yake yakan taso idan ya kwana a hanya. Ƙanena bai sake amai ba.

Guntayen sitod ɗin biyu suna cikin gwangwanin madara a kan tagata, kowanne da notin walda a kansa. Asubar farko bayan gyaran ina kwance na ji Baba ya tayar da mota, na kasa kunne, babu tsaki. Sai na ji ya kashe ta, ya zo ya buga mini ƙofa. "Injiniya, fito. Tunda ta yi shiru yanzu ina jin wata ƙara a baya, wajen sifirin."