Kuɗin Adashin Goggo da Digirina na Biyu

Na san wani mai karatu zai ce, me kuma ya kawo ɗalibin kwamfuta cikin mujallar ɗaliban Hausa? To, a yi mini haƙuri, ba ɓatan kai na yi ba. Akwai wani ilimi da na shafe wajen shekara biyu ina nema ta intanet, wanda daga baya na gano cewa rabinsa yana hannunku, ku masu nazarin harshe. Shi ya sa na ga ya dace in kawo muku shi har gida.

Ni haifaffen unguwar Alkalawa ne a cikin Jimeta. Na yi digirina na farko a fannin kwamfuta a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, a tsallaken kogin Binuwai, tun tana jami'ar fasaha. Bayan na gama hidimar ƙasa sai na buɗe ɗan shago, ina gyaran kwamfuta da buga takardu da cike wa mutane fom. A lokacin ko a mafarki ban yi tunanin komawa makaranta ba. Abin da ya mayar da ni shi ne kuɗin adashin Goggo.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, kuma ita ce uwar adashin mata goma sha biyu a unguwarmu. Ta fi shekara ashirin tana riƙe da wannan amana, ba a taɓa jin ko kwabo ya yi ciwon kai a hannunta ba. A da cikin wata tsohuwar adaka take ajiye kuɗin. To amma mai karatu zai iya tuna abin da ya faru a farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, takardar kuɗi ta yi ƙamfa, jama'a suka koma tura kuɗi ta waya da bin layin masu POS. Dole Goggo ta bi sahu, zubin adashi ya koma shiga asusunta na banki.

Wata rana da la'asar ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a kan tabarma, waya a hannu.

"Ɗan nan, zo ka duba mini. Mutanen banki sun ce sun gyara mini asusu, amma saƙo sai shigowa yake yi."

"Goggo, waɗanne mutanen banki?"

"Wani yaro ne mai ladabi. Hausarsa tas, har da Fulatanci ya gaishe ni. Ya san sunana, ya ce in ban gyara yau ba za a rufe asusun."

Kafin in gama karanta saƙonnin gabana ya faɗi. Ta karanta masa lambobin da ke jikin katinta, gaba da baya, sannan ta karanta masa wata lamba da banki ya aiko a saƙo. An kwashe kuɗin kaf. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a cikin saƙon nan da lambar ta zo, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada a faɗa wa kowa ita. Sai dai da Turanci aka rubuta. Goggo kuwa tana karanta ajami kamar ruwa, tana gane lambobi, amma ba ta jin Turanci. Wato ɓarawo ya yi mata magana da harshenta, mai gadin dukiyarta kuma ya yi mata gargaɗi da harshen da ba ta sani ba.

Mun je banki, aka ce ai ita da bakinta ta bayar da lambar. Goggo ta sayar da 'yan kunnenta na gwal da awakinta biyu, mu ma muka haɗa abin da ya samu, aka biya matar da ɗauka ta zo kanta. Kuɗi dai an biya, amma kunya ta hana Goggo fita ko da suna ko biki har tsawon watanni. Ni kuwa kunyata ta fi tata, domin ni ne ake kira "mai kwamfuta" a gidan, kuma ban taɓa zama na yi mata bayani ba.

Wannan ne ya sa na fara neman inda zan karanci tsaron bayanai. Barin shago in tafi wani gari ba zai yiwu ba, domin shagon ne cinmu da shanmu. Sai na juya ga Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka kuma farfaɗo da ita a zamanin Shugaba Obasanjo. Tana da cibiyar karatu a Yola, tana kuma da wata cibiya mai suna ACETEL, wadda ta samu tallafin Bankin Duniya, inda ake yin digiri na biyu a kan tsaron intanet daga nesa. Nan na nemi gurbi, aka kuma ba ni.

Masu cewa karatu ta intanet karatun hutu ne, ina gayyatarsu su zo Jimeta a watan Afrilu. Zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta, batirin kwamfuta ya kusa ƙarewa, malami yana tsakiyar bayani sai sabis ya tsinke. Kuɗin data kaɗai ya ishi mutum lissafi. Na sayi ɗan ƙaramin sola, na mayar da dare rana, domin daga ƙarfe goma sha ɗaya sabis ya fi tsayawa, unguwa ma ta yi tsit. Babu mai buga maka ƙararrawa, babu abokin da zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce a tafi lacca. In ka yi barci ka yi wa kanka. Duk da haka akwai daɗinsa, domin da safe ina shago, da dare ina aji ɗaya da mutanen da ke Legas da Abuja da Fatakwal, ba tare da na biya ko kuɗin Keke Napep ba.

Na shiga da zaton za a koya mini dabarun kama masu kutse ne kawai. Ashe babban ɓangaren karatun shi ne gudanar da tsaron, wato tsara yadda ma'aikata da mutanenta za su kiyaye abin da aka ba su amana. An koya mana cewa tsaron bayanai a kan duwatsun murhu uku yake zaune. Na farko sirri, wato kada wanda bai kamata ba ya gani. Na biyu sahihanci, wato kada a sauya bayani ba da izini ba. Na uku samuwa, wato mai haƙƙi ya samu abinsa a lokacin da yake bukata. Haka kuma mun nazarci ƙa'idar ISO 27001, wadda ta fara fitowa a 2005, da Dokar Laifukan Intanet ta Nijeriya ta 2015, da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023.

Darasin da ya fi ratsa ni shi ne na auna haɗari. Ana tambaya huɗu: mece ce dukiyar, wa ke barazana gare ta, ina ɓarakar take, kuma da me za a toshe ta? Masu iya magana sun riga sun taƙaita wannan da cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da na ɗora labarin Goggo a kan wannan ma'auni, sai na ga babu wata na'urar banki da aka fasa. Ɓarakar tana tsakanin saƙon Turanci da kunnen Goggo. Kuma kada a ɗauka wannan cutar tsofaffi ce kawai. A watan Yuli na 2020 wasu matasa sun ƙwace shafukan Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk a Twitter, kuma hanyar da suka bi ita ce buga wa ma'aikatan kamfanin waya da yaudararsu da daɗin baki. Idan romon baka ya ci injiniyoyin Amurka, ina ga Goggo?

Da aka ba mu aikin tsara shirin wayar da kai, sai na ce bari in yi nawa da Hausa. A nan ne na gane iyakacin ilimina. Mu a Hausa kusan komai "lambar sirri" muke ce masa: da lambar nan huɗu ta kati, da kalmar shiga manhaja, da lambar da banki ke aikowa a yi amfani da ita sau ɗaya. Na koma na tambayi Goggo, shin ba ta san ba a ba da lambar sirri ba? Amsar da ta ba ni ta fi mini wasu laccocin amfani.

"Ni ban ba shi lambar sirrina ba, ɗan nan. Tawa tana nan a kaina. Wannan ai tasu ce, su suka aiko, suka ce in karanta musu. Mutum ya aiko maka da abinsa, ya ce ka mayar, sai ka hana shi?"

Ka ji fa! A hankalinta sirri shi ne abin da ka ɓoye da kanka, abin da wani ya aiko maka kuwa aro ne. Ashe ko da an fassara mata saƙon kalma da kalma, da wuya ya hana abin da ya faru. Na gwada kalmomi da dama a kan matan adashin, wadda ta fi zama ita ce "mabuɗi", domin babu macen da za ta miƙa wa baƙo mabuɗin ɗakinta. Daga ƙarshe gargaɗin ya zama haka: "Wannan lamba mabuɗin asusunki ce. Duk wanda ya tambaye ki ita ɓarawo ne, ko da ya ce daga banki yake." Muka naɗe shi da murya, da Hausa da Fulatanci, muka tura ta WhatsApp, wani malamin unguwa kuma ya rubuta mana shi da ajami.

To, 'yan'uwana ɗaliban harshe, ga inda kuka shigo. Ƙamusun Bargery na 1934 an yi shi tun kafin a san kwamfuta, na Jami'ar Bayero kuma ya fito a 2006, kafin zuwan lambar BVN a 2014. Kullum sababbin abubuwa suna shigowa wayoyin iyayenmu ba su da suna, 'yan damfara kuwa ba sa jiran taron masana kafin su raɗa musu. Ni na lalubo kalma guda cikin wahala, ku kuwa kun karanci ilimin ma'ana da fassara da ƙirƙirar kalmomi. Mai neman batun kundin kammala digiri, ga fili nan: ya tattara kalaman da 'yan damfara ke amfani da su a waya, ya nazarci yadda suke gaisuwa da yadda suke tsoratarwa, ko ya gwada fassarar saƙonnin banki a kan 'yan kasuwar Jimeta ya ga wadda ake ganewa. In kunne ya ji jiki ya tsira, amma sai an yi wa kunnen magana da harshen da yake ji.

Goggo ta koma riƙon adashi. Mata tara sun dawo, uku har yau ba su dawo ba, kuma ba ta ga laifinsu ba. Kwanakin baya wani ya sake kiranta da irin waccan murya mai ladabi. Ina zaune ina jin ta, ta bari sai da ya gama zuba, sannan ta ce masa, "Ɗana, ba a ba da mabuɗi ta waya. In kana so, ka zo Alkalawa ka karɓa."

Har yanzu muna nan muna jiran sa.