Ka Ji Zancen Madobiya, Ɗana

Ɗana, zauna in ba ka labarin wata bishiya da 'ya'yanka ba lalle su gan ta a tsaye ba. Madobiya ce, dangin wake da gyaɗa da ɗorawa. Lokacin ƙuruciyata, in hunturu ya shigo ganye ya kakkaɓe, sai ta cika da fure rawaya, ka hango ta daga nesa a dazukan Ganye da Toungo. In ka sari bawonta, wani ruwa ja ke tsattsafowa kamar jini, iyayenmu suna rini da magani da shi. Da rani, in ciyawa ta ƙare, makiyayi ya hau ya sassare rassa ya zubo wa shanunsa ganye, amma gindin ba ya taɓa shi, domin ya san baɗi ma zai dawo da yunwar dabbobinsa.

Wannan ita ce tarbiyyar da nake so ka riƙe. Ka ɗauki abin da zai ishe ka, ka bar tushe. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Sai ga shekarun da 'yan kasuwa suka gano kuɗin da ke cikinta. Suka laƙaba mata suna Madrid, ana kai gumagumanta ƙasar Sin ana sassaƙa kujeru da gadaje masu tsada. Na ga tireloli jere a hanyar Mayo-Belwa, ɗauke da katako ja an yanke shi murabba'i, an nufi tashar jiragen ruwa ta Legas. Samari da dama daga Jimeta da Yola suka bar sana'o'insu suka bi injin yanka, kuɗi suka shigo aljihu, aka sayi babura, aka yi aure. Ban ga laifin mai neman halak ba, amma bishiyar da ta kwashe shekaru masu yawa tana girma, cikin ɗan lokaci ake kayar da ita. A 2016 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirrai, wato CITES, ta sa wa cinikinta takunkumi, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya, a shekarar kuma aka lissafa ta cikin masu fuskantar ƙarewa. Kafin nan kuɗin sun tafi, daji ya yi fili, makiyaya suna ta neman ganyen rani.

Don haka, duk cinikin da aka zo maka da shi ana gaggawa, tsaya ka tambayi kanka wa zai biya bashinsa bayanka. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa.

In ka ga kututturenta a gonarku, kada ka ƙone shi, domin yana sake tohowa. Ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ka share ciyawar gefensa kafin gobarar daji ta zo. In 'ya'yanta masu fuka-fuki suka bushe, ka tattara, ka shuka da farkon damina, ka kuma nuna wa ƙannenka yadda ganyenta yake.