Daga Ikko Zuwa Jega Da Keke Mai Batir

Tun ran 29 ga watan Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, yayana ya jingine babur ɗinsa a zaure. Shi malamin firamare ne a wani ƙauye da ke bayan Jega, cikin Jihar Kebbi. Da ya yi lissafi ya ga man zuwa da dawowa zai cinye kuɗin cefane, sai ya koma takawa da ƙafa, ga shi kuwa shekaru sun fara ja. Wannan ne ya sa ni da ke neman abinci a Ikko na yi ta tari, har cikin watan Afrilu 2024 na saya masa keken nan mai batir, wanda ake caji kamar wayar hannu. Sayen bai ba ni wuya ba. Yadda aka kai shi gida shi ne labarin da nake so in ba masu karatu.

Niyyata ta farko in hau jirgin sama zuwa Sakkwato, in ya so in ƙarasa Jega a mota. Da na je ofishin wani kamfanin jirgi, ma'aikaciyar ba ta ko dubi keken ba, batirin ta ce in nuna mata. A jikinsa an rubuta 48V da 12Ah. Ta ninka lambobin nan biyu ta sami 576, ta ce wannan shi ne yawan wutar da yake riƙewa, bisa awon da suke kira wat-awa. Batirin da bai wuce 100 ba, fasinja na iya shiga da shi a jakar hannu. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani. Wanda ya haura 160 kuwa ba ya shiga kayan fasinja ko kaɗan, in ba na keken guragu ba, wanda ke da nasa sharaɗin. Na ce to a ɗauke shi daban a matsayin kaya. Ta ce tun ran 1 ga Afrilu 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, watau ICAO, ta hana loda batiran litiyam zalla cikin jirgin fasinja. Sai dai jirgin kaya, shi ma sai an rage cajin zuwa kashi 30 cikin ɗari, an yi masa takardun kaya masu haɗari.

Na fito ina gunaguni, amma da na bi diddigi daga baya na ga lalle dokar tana da dalili. Abin da muke gani kamar batir guda, ƙananan batura ne wajen hamsin a jere cikin akwatin ƙarfe. Idan ɗaya ya huje, ko ya matsu, ko zafi ya yi masa yawa, sai ya kama da wuta ya kunna na kusa da shi, haka har su ƙare, kuma abin kashe gobara da ke ɗakin kayan jirgi ba ya iya tsayar da irin wannan wuta. Ran 3 ga Satumba 2010 wani jirgin kaya na kamfanin UPS ya faɗi a Dubai bayan wuta ta tashi cikin kayan da ke da irin waɗannan batura, matuƙansa biyu suka rasu.

Shi ke nan sai na nufi kasuwar Mil Sha Biyu, inda manyan motoci ke sauke kayan gwari daga Arewa. Wani ɗan kamasho ya haɗa ni da direban wata gingimari da ta kawo albasa daga Aliero, za ta koma da katifu da robobi da katon-katon na taliya. To, jama'a, a nan ne na ga bambanci. Abin da aka shafe rabin sa'a ana karanta mini doka a kansa, a tasha ba wanda ya tambayi ko mene ne. Yaron mota ya ɗaga keken zai wurga shi bisa kaya, dab da jarkokin man gas, ya ja tamfol ya rufe. Watau batirin zai yi tafiyar fiye da kilomita 800 a ƙarƙashin tamfol cikin ranar bazara, kaya na danna shi a kowane rami.

Na ce a dakata. Da ma kwana biyu kafin nan na yi ta yawo da keken har cajin ya sauko wajen sulusi. Na zare batirin, na liƙe bakin wayoyinsa da salatif, na naɗe shi da soson katifa na sa a kwali, sa'an nan na biya kuɗin gidan gaba domin in zauna da shi. Direba ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Malam, jariri ka ɗauko mana?" Na ce, "Alhaji, kusan rabin kuɗin keken yana cikin kwalin nan."

Mun tashi bayan sallar isha'i. Badun muka wuce cikin dare, tsakanin Oyo da Ogbomosho muka yi ta jan ciki a bayan tankokin mai, gari ya waye mana kusa da Ilori. Da hantsi ya ɗaga sai ƙasan motar ya ɗauki zafin inji, na ɗauke kwalin daga ƙafafuna na mai da shi kan gadon direba da ke bayan kujera, kuma duk inda hanya ta karkata rana ta leƙo ta taga, sai in sake masa wuri.

A Jebba muka haye Kogin Kwara. Kowane ɗan Arewa da ke zaune a Kudu ya san yadda zuciya ke kwanciya a kan wannan gada: ga ruwa shimfiɗe, ga masu kwale-kwale, ga dutsen nan da ya yi tsaye a tsakiyar kogi, ga tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta zamanin Turawa. Sama kaɗan da garin akwai madatsar ruwan da ke ba da wutar lantarki. Na ce a raina, Allah ya sa wani abu daga cikinta ya riƙa isa Jega. Muka kwana a Mokwa, domin direbobi ba su son bin hanyar Kontagora da dare.

Washegari a wani shinge wani jami'in tsaro ya leƙo ya ga kwali a naɗe, ya ce a buɗe. Da ya ga baƙin akwatin ƙarfe da wayoyi a liƙe, sai ya ja da baya ya gyara riƙon bindiga, ya ce kowa ya sauko. Ban ga laifinsa ba, don kuwa ko ni ne abin da zan zata ke nan. Rasit bai gamsar da shi ba. Dole aka kwance tamfol aka sauko da keken, na ɓare salatif na sa batirin, na hau na murɗa, keke ya tafi shiru ba ƙara ba hayaƙi. Jami'in ya ce in sauka shi ma ya ɗana. Ya je ya dawo yana murmushi, ni kuwa ina duban sauran cajin.

Daga nan sai Kontagora, sai Yawuri, sai Koko, muka shiga Jega da la'asar sakaliya a rana ta uku. Yayana ya zagaya keken sau biyu, ya ce, "Kai kuwa, wannan wahala duk domina?" Na ce, "Yaya, ai kai ka biya mini kuɗin makaranta."

Muka tarar kwana biyu ba wuta a unguwar, saboda haka muka kai batirin shagon mai cajin waya da ke aiki da hasken rana. Ya juya shi ya sake juyawa, ya ce shi bai san kuɗin da zai yanka wa wannan ba. Na ce wutar da yake sha ta kai ta waya talatin da wani abu. Ya ce to a biya kuɗin waya talatin. Aka yi ta ciniki, aka daidaita a kan na goma sha biyar, bisa sharaɗin ya ajiye shi a inuwa, kada kuma ya bar shi a jone ya tafi gida. Da safe yayana ya ɗaure littattafan yara a bayan keken ya kama hanyar ƙauye.