Fim Huɗu a Rana Ɗaya

Tsofaffinmu sun san zamanin majigi, sa'ad da mota takan zo gari ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, jama'a su taru su kalli Baban Larai yana koya wa manoma noman auduga. Kashegari kuwa ba a wata magana a rijiya da kasuwa sai ta abin da aka gani. Yanzu majigin ya shiga aljihun kowane yaro. 'Ya'yanmu suna kallo fiye da yadda muka taɓa yi, amma kowa a ƙuryarsa, da abin ji a kunne, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya gani balle ya tambaye shi ra'ayinsa. Wannan ya daɗe yana damun mu biyu, ni da uwargida.

Saboda haka a hutun ƙarshen shekara muka keɓe rana guda. Muka sayi man janareta, muka shimfiɗa tabarmi a falo, muka ɗauko Kaka daga ɗakinta, muka zaɓi fim huɗu da suka fito tsakanin 2018 da 2021. Doka biyu muka kafa. Ta fari, wayoyi duka su shiga cikin kwando. Ta biyu, in fim ya ƙare kowa zai faɗi abin da ya gani, a fara daga ƙarami, gama in babba ya riga ya yi magana yaro ba ya ƙara kome sai "haka ne." Aka ba kowa gyaɗa biyar ya zuba a ƙwarya gwargwadon yadda fim ɗin ya gamshe shi. Autanmu ya cinye ƙuri'unsa tun ba a je ko'ina ba, sai da aka sake ba shi.

Da Amina muka fara, wanda Izu Ojukwu ya shirya, ya fito a Netflix cikin 2021. Mun sa rai ƙwarai, domin yaran sun karanta labarin Sarauniyar Zazzau a makaranta, 'yar Bakwa Turunku, wadda ake jingina mata ganuwar garuruwa da yawa. Akwai dawakai, akwai takubba, akwai kuma Ali Nuhu. Amma da aka yi kamar minti goma Kaka ta juyo ta ce, "Wai ita wannan Amina a Ingila aka haife ta?" Kusan dukan maganar da Turanci ake yi. Yara maza sun ji daɗin faɗace-faɗacen, suka zuba huɗu huɗu. Mu dai biyu muka zuba. An kashe kuɗi, an yi wahala, ba ma raina wannan. Sai dai fada ba tufafi ba ce kaɗai. Akwai yadda ake gaisuwa, da yadda bafade yake karɓar magana daga bakin sarki, da kirari, duk kuwa a cikin harshe suke zaune. (Mun ji daɗi da muka ga Mai Martaba na 2024, wanda aka ɗauka a Daura, da Hausa aka yi shi. Yana jiran wani hutun.)

Na biyu shi ne Lionheart na Genevieve Nnaji, na 2018. Abin mamaki, shi ma yawancinsa Turanci ne, har saboda haka aka cire shi daga gasar Oscar cikin 2019. Duk da haka ba wanda ya yi gunaguni. Me ya sa? Da Amina ba ta riga shi ba, da ba mu lura ba. Mutanen kamfanin motocin haya a Inugu na yau, lalle da Turanci suke taro a ofis, in sun zauna cin abinci a gida kuwa sai su koma Ibo, yadda mu ma muke komawa harshenmu. Ba a sa wa kowa bakin da ba nasa ba. Uba ya kwanta ciwo, ya ba ƙanensa riƙon kamfani maimakon 'yarsa Adaeze wadda ta san aikin sarai. 'Yarmu babba ta zuba biyar, ta dube mu ta ce, "Baba, da kai ne wa za ka ba?" Aka yi dariya, amma ba da wasa ta yi tambayar ba. Kaka kuwa ba ta zuba kome ba sai da Pete Edochie ya buɗe baki ya yi Hausa da Sani Mu'azu, nan ta zuba biyar ɗinta gaba ɗaya.

Bayan tuwo muka sa The Boy Who Harnessed the Wind, watau yaron da ya sa iska aiki, na Chiwetel Ejiofor, 2019. Labarin gaskiya ne na William Kamkwamba, ɗan ƙasar Malawi, wanda aka kora daga makaranta don rashin kuɗi a lokacin yunwar 2001 da 2002, ya yi ta karatu a ɗakin littattafai har ya haɗa injin iska da tarkacen bola da keken ubansa. A nan falo ya yi tsit. Sa'ad da iyalin suka koma cin abinci sau ɗaya a rana, Kaka ta fara ba da labarin farin 1973, da yadda aka riƙa auna hatsi da tafin hannu. Ba mu taɓa jin ta faɗa wa jikokinta wannan ba. Muka tsai da fim ɗin muka bar ta ta gama.

Da aka zo shari'a sai gardama ta tashi. Ɗanmu na tsakiya ya ce uban mugu ne, tun da ya hana keken. Uwargida ta ce, "Ɗana, keken nan shi kaɗai ya rage masa. In aka yanka shi abin bai yi ba fa?" Suka yi ta ja, ba wanda ya ka da wani. Muka kuma gaya musu cewa a zahiri injin William na fari fitilu da rediyo ya kunna a gidansu, famfon ruwa daga baya ya zo, masu fim ne suka haɗa su don labari ya yi daɗi. Yaron ya ce, "Ashe ko na gaskiya ma ana ƙara masa gishiri?" Ya mayar da hannu cikin ƙwarya ya ɗebe gyaɗa ɗaya.

Na huɗu ba na yara ba ne, sai da ƙanana suka kwanta. Mun riga mun kalle shi mu biyu kafin ranar, muna kuwa ba iyaye shawara su yi haka. The Milkmaid ne, na Desmond Ovbiagele, 2020, wanda aka ɗauka a Jihar Taraba, da Hausa. Mai shirya shi ya ce hoton 'yan matan Fulani biyu masu tallan nono a bayan takardar naira goma ne ya sa shi tunanin labarin. Aisha da Zainab 'yan'uwa ne, 'yan ta'adda suka faɗa wa ƙauyensu. Aisha ta bi sawun 'yar'uwarta, ta tarar zuciyarta ta riga ta koma wajen waɗanda suka sace ta. Maryam Booth ce ta fito a Zainab, ta kuwa yi wasan da ya sa muka manta wasa ne.

Ba wanda ya tuna da gyaɗa. A unguwarmu akwai iyalai da suka gudo daga Borno da Adamawa, waɗansu yaransu ajinsu ɗaya da 'yarmu. Da rubutu ya fara hawa a talabijin, ta ce a hankali, "Kaka, in irin Zainab ta dawo gida, za a karɓe ta?" Kaka ta daɗe ba ta amsa ba. Can ta ce, "Uwarta za ta karɓe ta. Maƙwabta ne ban sani ba." Yarinyar ta ce akwai wata a ajinsu da ba mai zama kusa da ita, don an ce yayarta ta yi shekara biyu a daji. Tun farkon zango abin yake cinta, ba ta gaya wa kowa ba. Muka kashe janareta, muka kunna fitila, muka tambaye ta ko gidan su yarinyar yana da nisa.